Faiba ko baƙi zalla: wane saitin gaba ya fi a gasar harbin fistol?

"Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara shiga gasar harbin ƙaramar bindiga ba, irin wadda ake gudu ana harbin allunan kwali da farantan ƙarfe ana ƙirga lokaci. Bindigata da baƙin saitin gaba ta zo. Kusan kowa a kulob ɗinmu faiba gare shi, ja ko kore, sun dame ni in canza, amma wani dattijo da duk ya fi mu iya harbi ya ce faiba lalata ido take, in zauna da baƙina. Shekarata 43. In nesa ne harbina warwatsewa yake, in kusa ne kuma ina ɓata lokaci wajen neman saitin. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai matsala biyu ka kawo a tambaya ɗaya, ta kusa da ta nesa, kuma kana fatan canza ɗan ƙarfen nan na kan bakin bindiga ya warware maka su duka. To ta kusa kam faiba, wato saitin gaba mai ɗigon launi mai haske, za ta taimaka maka sosai. Ta nesa kuwa ba lallai ba, in ma ba ka yi hankali ba sai ta ƙara dagula ta. Shi kuma dattijon naku ba ƙarya ya yi ba, sai dai ba nufinsa za ka makance ba, nufinsa ido yana koyon lalaci, ya riƙa bin ɗigo mai haske ya daina duba gefen ƙarfen. Zan zo kan wannan.

Aikin da kowannensu yake yi

Baƙin saiti mai kai a miƙe da kusurwa huɗu, wanda ake haɗawa da tsagar baya ita ma mai kusurwa huɗu, shi ake kira Patridge, sunan wani maharbin Amurka ne na ƙarshen ƙarni na 19. Abu biyu yake nuna maka. Saman ƙarfen gaba ya yi layi ɗaya da kafaɗun na baya, wannan shi ne sama da ƙasa. Hasken da ke gefen dama da na gefen hagu su zo daidai, wannan shi ne dama da hagu. Shi kenan. Ido kuwa gwani ne wajen gane layi ya karkace ko tazara biyu ba su zo ɗaya ba, shi ya sa har yau ba a samu wani saitin ƙarfe da ya fi shi dacewa da harbin natsuwa ba.

Ita faiba ɗan siririn sandan roba ne da aka cuɗa da sinadarin launi mai ƙyalli. Haske yana shiga ta jikinta, sinadarin ya sha shi ya sake fitar da shi ja ko kore, sai ya yi ta karo da bangon robar daga ciki har ya ɓullo ta baki. Ba batir, ba komai. Iya yawan jikinta da ke buɗe ga haske, iya ƙarfin ɗigon da za ka gani, shi ya sa da rana tsaka take ci kamar garwashi, a filin harbi na cikin gini kuma mai fitila sama-sama sai ka ga ta yi dishi-dishi, wani lokacin ma ba ta da bambanci da baƙi. Kar ka haɗa ta da tiritiyom, irin na kamfanin Trijicon, shi iskar gas ce a cikin ɗan kwalba mai haskawa da kanta a duhu, ƙarfinsa yana raguwa rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, da rana kuma ba abin da yake tsinana maka a gasa.

To ka ga ɗigon faiba yana gaya maka "ga inda bakin bindiga yake", da sauri. Gefen baƙin ƙarfe kuma yana gaya maka "ga takamaimai inda harsashi zai sauka", amma sai ka ba shi lokaci. Duk gardamar da ake yi a kan wannan take.

Wace gasa kake yi?

Wannan ya fi komai muhimmanci, kuma shi mutane suke tsallakewa su hau musu. A gasar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, irin ta Olamfik, ko tambayar ma ba ta taso ba, doka ta hana faiba da duk wani saiti mai ƙyalli, baƙi ne dole. Ka duba fistol ɗin iska na mita 10, da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Haka masu harbin natsuwa na Amurka da suke tsayawa a yadi 25 da yadi 50 da hannu ɗaya, duk wanda bai koma madubi mai jan ɗigo (saitin gilashi mai batir) ba a cikinsu baƙi yake so, har turara shi suke da hayaƙin 'yar fitilar kabaid don ya yi baƙi ƙirin ba ƙyalli ko kaɗan. Su allonsu fari ne da baƙin da'ira, ba ya motsi, suna ajiye saitin a ƙasan da'irar a kan fari, baƙi a kan fari kuwa ai ba abin da ya fi shi fitowa.

Kai kuma abin da ka kwatanta tsarin IPSC ne, ƙungiyar gasar harbin gudu ta duniya, wadda aka kafa a 1976 a Kolombiya ta jihar Mizuri a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko, ko reshenta na Amurka USPSA, ko 'yar'uwarsu IDPA da ta zo a 1996. A IPSC da USPSA maki ake rabawa da lokaci. Ɗauki siteji, wato zango ɗaya na gasa, mai harsashi 12, in duk ka sa su a tsakiya, wato yankin A mai maki 5, maki 60 ke nan, in ka yi a sakan 8 sakamakonka 7.5. Wani ya zo ya yi a sakan 7, biyu sun fita zuwa yankin C da ke kewaye da tsakiya, inda ƙaramin harsashi maki 3 yake samu, makinsa 56, sakamakonsa 8. Ya ci ka, duk da ka fi shi kyan harbi. A irin wannan wasan allon kwali ne mai launin ƙasa, wani a inuwa, wani an shafa masa baƙin fenti a gefe, bayansu tudun ƙasa ne ko baƙar roba, ka ɗora baƙin saiti a kai sai ya nutse, kana gudu kana haki kana nemansa. Abin da kake fama da shi a kusa ke nan. Ba banza ba bindigar CZ Shadow 2, wadda ta cika rukunin Production, na bindigogin da aka bari kusan yadda kamfani ya ƙera su, tun fitowarta a 2016, da faiba a gaba da baƙi mai zane-zane a baya take fitowa daga kamfani.

Akwai kuma batun inda ido yake tsayawa. Ido ba ya iya tsayawa a nesa biyu lokaci ɗaya, ko dai saitin ya fito tar allo ya yi hazo, ko allo ya fito tar saitin ya yi hazo. Tsohon karatu shi ne ka kalli saitin gaba ko da yaushe. Amma da yawa daga manyan maharba na yanzu, irin su Ben Stoeger da ya ci kofin duniya na IPSC a rukunin Production a Faransa a 2017, suna koyar da cewa ka kafa ido a kan ɗan wuri ƙarami a jikin allon, ka bar saitin ya zo cikin hazo. A wannan salon baƙin ƙarfe mai hazo kusan ɓacewa yake, amma launi ba ya ɓacewa, kana ganin ja ya shigo inda kake kallo sai ka danna. Nan ne faiba ta ci kuɗinta.

Me ya sa take cutar da harbin nesa

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. A ce tazarar saitin baya da na gaba a bindigarka milimita 170 ce. In saitin gaba ya goce da rabin milimita kawai a cikin tsaga, a mita 7 harsashi zai kauce da kamar santimita 2, ba wanda zai ma lura, domin faɗin yankin A santimita 15 ne. A mita 25 kuwa wannan rabin milimitar ta zama santimita 7 da ɗoriya. Farantin ƙarfe mai santimita 20, daga tsakiyarsa zuwa baki santimita 10 ne, ka ƙara ɗan fizgar kunama a kai, shi kenan ka wuce shi. To ɗigo mai tsananin haske ba shi da gefe, yana fantsama, ya rufe saman ƙarfen da kake buƙatar gani, rabin milimita kuwa ba ta yadda za ka gane ta a cikin wannan walƙiyar.

Sai babbar matsalar, wadda nake gani kusan duk lokacin da wani ya sa sabuwar faiba ya zo yana cewa bindiga ta koma harbin sama. Ɗigon ba a saman ƙarfen yake ba, yana ƙasa da shi da kamar milimita ɗaya. In ka daidaita saman ƙarfe da kafaɗun baya yadda ya kamata sannan ka ɗora ɗigon a kan wurin da kake so, harsashi zai hau da 'yan santimita kaɗan a mita 25, wannan da sauƙi. Amma mutum cikin sauri abin da yake yi shi ne ya ɗago ɗigon har ya zo layi ɗaya da kafaɗun baya, domin idonsa ɗigon kawai yake gani, wato ya ɗaga bakin bindiga da milimita ɗaya cur, a mita 25 wajen santimita 15 ke nan sama. Ya tsallake faranti gaba ɗaya. Sai ya ce saitin ne ba kyau, ya hau murɗa na baya, gobe in ya natsu ya yi harbi da saman ƙarfe kuma ya ga yana sauka ƙasa. Lalacin idon da dattijonku yake nufi ke nan, kuma yana da gaskiya.

Amma fa in gaya maka, warwatsewar harbi a nesa ga wanda bai daɗe da farawa ba, mafi yawan lokaci yatsa ne da riƙo, ba saiti ba. Ka cire magazin, ka duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, ka fitar da harsasai daga ɗakin da kake, ka fuskanci inda ba hatsari, ka saita farin bango ba tare da allo ba ka danna kunama a hankali kana kallon saman ƙarfen. In ya nutsa ƙasa ko ya kaɗa gefe lokacin da kunama ta faɗa, to ka samo ɓarawonka, kuma ko saitin zinare ka sa haka za ta ci gaba da yi.

Abin da ni nake yi

A bindigar gasar gudu faiba nake sawa, amma ƙarama, kuma a dushe. Kauri biyu aka fi samu, inci 0.040 wato kamar milimita 1, da inci 0.060 wato milimita 1.5. Ta biyun na da daɗin gani ranar farko, amma ta cika ƙarfen, ba ta barin baƙi a kewayenta. Ni ta milimita 1 nake so, a saitin da aka yi wa ɗan rami a fuskarsa yadda kan faibar zai shige ciki ya zauna, irin yadda kamfanin Dawson Precision suke yi, sai ɗigon ya fito zagaye tsaf, baƙin ƙarfe ya kewaye shi sama da gefe. In rana ta yi ƙarfi na ga yana fantsama, baƙar maka, wato alƙalamin nan mai tawada, nake ɗauka in shafe saman sandan, in bar ɗan wuri kaɗan buɗe, hasken ya ragu har in iya ganin kusurwoyin ƙarfen a bayansa. Kana so ka san launin yana nan, ba ka so ya yi maka ihu. Da haka kana da saiti biyu a ɗaya, allon kusa ka harba da launi, faranti mai nisa ko allon da aka rufe rabinsa ka dawo da ido kan saman ƙarfe ka manta da ɗigon.

Na baya kuwa baƙi zalla, ba ɗigo, ba farin layi. Masu ɗigo uku duk faiba, biyu a baya ɗaya a gaba, na bayan sun fi kusa da ido don haka su suka fi girma da haske, sai su janye hankalinka daga inda ya kamata.

Wani abu kuma da ba a cika magana a kansa ba alhali ya kai launi muhimmanci, shi ne faɗin ƙarfen gaba da faɗin tsagar baya. Bindigogi da yawa suna zuwa da ƙarfe mai inci 0.125 ko fiye, wato sama da milimita 3, a tsagar da kusan ya cike ta, hasken gefe ɗan siriri. Irin wannan ƙarfen in ka miƙa hannu yana rufe kusan santimita 12 na allo a mita 25, fiye da rabin faranti. Mai inci 0.100 yana rufe ƙasa da santimita 10, ga shi ya bar haske mai yawa a gefe, ido yana saurin kama shi. Na sha ganin wanda yake kukan ba ya samun baƙin saiti da wuri, da aka sa masa siriri, baƙin dai, kukan ya ƙare. Don haka ka auna naka kafin ka yanke hukunci cewa rashin launi ne matsalar. Sai dai in haske ya yi yawa ainun a gefe shi ma yana da nasa, gane tsakiya a nesa yana ƙara wuya.

Ja ko kore? Da rana idon mutum ya fi jin haske a wajen nanomita 555, kore mai ɗan rawaya ke nan, shi ya sa kore ya fi fitowa, a wuri mai ƙarancin haske wannan riba ce, a rana tsaka kuma shi ya fi saurin fantsama. Ja ya fi laushi kuma yana rabuwa da ciyawa da ganye a bayan allo. Akwai kuma maza da yawa da ba sa rarrabe ja da kore sosai ba su ma sani ba, su ja a kan kwali mai launin ƙasa dushewa yake musu. Sandan ba tsada gare shi ba, ka gwada duka biyun a filin da kake yawan harbi.

Wahalar riƙonta

Baƙin ƙarfe ba ya karyewa, ba ruwansa da mai ko ruwan wanki. Faiba kuwa roba ce, silaid, wato saman bindigar da saitin yake kai, yana dukanta gaba da baya a kowane harbi, tana tsagewa, tana faɗuwa, kuma ba ta tashi faɗuwa sai ranar gasa. Ruwan wankin bindiga mai ƙarfi, musamman mai asiton ko irin na wanke birki, yana cinye ta ta yi fari-fari ta yi gautsi. Hayaƙin harbi ma yana dusar da ita. Ka riƙa yawo da guntu a jaka da laita da abin yanke farce. Sawa ba wuya, bindiga ba harsashi, ka zura sandan, ka kusantar da wutar laita ga bakin da ke fuskantar idonka, kusa kawai ba cikin harshen wutar ba, za ka ga ya kumbura ya yi ɗan kai, ka ja shi gaba ya zauna cikin raminsa, ka riƙe da ɗan ƙarfi, ka yanke ɗaya bakin ka bar kamar milimita ɗaya ko biyu, shi ma ka narka. In ka sa shi cikin wutar zai yi baƙi ya yi kumfa, in ka bar shi sako-sako yana wasa kuma ba zai daɗe ba. In kan ya yi girma ɗigon ma girma zai yi, don haka kar ka zarce. In kuma ta faɗi kana tsakiyar siteji kar ka tsaya, ƙarfen yana nan, haske zai riƙa leƙowa ta ramin, ka ƙarasa da saman ƙarfe.

Ka kula da tsawon sabon saitin ma. In ya fi tsohon tsawo harbi zai sauka ƙasa, in ya fi shi gajarta zai hau sama, da lissafin nan da muka yi. Bayan ka sa, ka zauna ka dafa hannu a kan tebur ka gwada a mita 20 ko 25, ka tsai da magana ɗaya da kanka, da saman ƙarfe bindigar take daidai ko da ɗigo. Ni da saman ƙarfe nake daidaitawa. Ka kuma leƙa littafin dokar rukuninka kafin ka bari a yanka silaid, faiba kanta an yarda da ita a IPSC da USPSA da IDPA, amma ba kowane gyara aka yarda a yi wa jikin bindiga ba.

Batun shekaru

Shekara 43 daidai lokacin da ido yake fara ƙin tsayawa a kan abu na kusa ne, saitin gaba kuwa bai fi santimita 60 zuwa 70 daga idonka ba. Abin da ke fara lalacewa shi ne saurin dawowa daga allo zuwa saiti, sai ka ji kamar kana jiran hoto ya washe. Wannan yana cikin dalilan da nake karkata maka zuwa faiba da kallon allo. Amma in idonka yana da matsalar da ke sa fitilun mota su yi maka wutsiya da dare, faiba mai haske ma wutsiyar za ta yi, dole ka dusar da ita. Nan iyakata ke nan, ni ba likitan ido ba ne kuma ba zan iya gani da idonka ba. Ka sa wani ya auna maka daga idonka zuwa saitin gaba a tsayuwarka ta harbi, ka kai wa likita wannan awon, akwai gilashin kariya da ake yankawa don wannan tazarar. Wasu a nan suke haƙura su koma rukunin madubi mai jan ɗigo, Carry Optics ko Production Optics, amma wannan wata magana ce daban.

In ni ne kai, saiti mai faɗin inci 0.100 zan saya da faiba ta milimita 1. Sai in samu taima, wato na'urar ƙirga lokacin harbi, in kafa alluna biyu a mita 7 da faranti ɗaya a mita 20, in yi ta maimaitawa da faibar a buɗe ina rubuta maki da lokaci, sannan in shafe ta gaba ɗaya da baƙar maka har fuskarta in sake, a rana in kuma sake a inuwa. Kar ka yi hukunci da yadda ka ji a ranka, sabon abu kullum daɗi gare shi, ka raba makin da lokaci ka kwatanta. In baƙin ne ya ci, ka bar makar a kai ka je ka yi wa dattijo godiya.